Ranar da Tsohuwa Ta Kife

Ƙarar guduma Mahiru ta fara ji tun kafin ta ga mai bugawa. Ta taho bakin teku da safe ɗauke da gwangwanin man kifi, za ta shafe jirgin babanta bayan guguwar da ta kwana biyu tana dukan ƙauyen Ufubama. Ƙarfe kan ƙarfe take ji, kuma daga inda jirgin yake kwance ƙarar ke fitowa. Ta dire gwangwanin ta kwasa da gudu.

Wani saurayi ta tarar a durƙushe, ƙusa ɗaya a bakinsa, biyu ya riga ya nutsa su a haƙarƙarin jirgin.

"Kai! Kai! Ɗaga hannunka! Me kake yi haka?"

Ya ɗago yana murmushi irin na wanda ke jiran godiya. "Gyara nake. Guguwa ta ɗaga katakon nan, in an bar shi zai tsage."

"Gyara? Da ƙusar ƙarfe? Wa ya aike ka?"

To ai dole ta yi ihu. Jirgin nan sabani ne, irin ƙananan jiragen da masuntan Okinawa suka yi ta ratsa teku da su tun kafin a san inji. Kakanta ne ya sassaƙa shi shekara sittin da suka wuce, shi ya sa duk ƙauyen ke ce masa Tsohuwa. Daga kai har gindi babu ƙarfe ko na allura a jikinta. Da ƙusoshin gora aka ɗinke ta, da maɓallan katako masu siffar malam-buɗe-littafi waɗanda ake kira fundu. Ƙarfe in ya sha gishiri tsatsa yake yi, ya cinye katakon da ke kewaye da shi. Yaron goye ma a Ufubama ya san wannan, amma ga ƙato da gemunsa ya zo garin gyaran gira zai tsone ido.

Tana cikin wanke shi tas sai ga babanta, Seitoku, masassaƙin sabani na ƙarshe a yankin. Bai ɗaga murya ba. Ya karɓi gudumar, ya zare ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya, ya jefa su cikin akwatin kayan aikin saurayin.

"Ɗan gidan wa ne kai?"

"Shinsuke ne sunana, Baba. Jikan marigayi Tokeshi. A Osaka na tashi, bana na dawo na buɗe rumfar gyaran inji a tashar jirage."

"Tokeshi masunci ne na gaske. Da yana raye, da yau kunya ta kashe shi."

Shinsuke ya sunkuyar da kai har kunnuwansa suka yi ja. Mahiru na huci, amma duk da haka sai da ta lura yadda ya shafa ramin ƙusar da ɗan yatsa a hankali, kamar mai ba wa jirgin haƙuri.

Washegari ya dawo da leda cike da soyayyen andagi mai zafi, irin fanken Okinawa.

"Mahiru-san, rashin sani ne. Ki hukunta ni yadda kika ga dama, amma ki koya mini."

Ta miƙa masa gwangwanin man kifi da tsumma. Wanda bai taɓa jin warin man nan ba bai san wari ba, kwana uku yake yi a jiki ko da an yi wanka da sabulu bakwai. Ta zaci zai gudu. Bai gudu ba. Ya shafe Tsohuwa ciki da waje yana tari, hawaye na zuba, ita kuwa tana zaune a inuwa tana cin andaginsa tana nuna masa inda ya tsallake.

Da yamma saƙo ya shigo wayarta.

"Kyanwoyin tasha guda biyar sun raka ni gida. Ɗaya ta ƙi tafiya. Hukuncin ya ƙare ko da saura?"

Ta rubuta: "Da saura, Mai Ƙusa. Gobe ƙarfe shida."

"To, Guguwa. In dai ke ce alƙali, kada a sallame ni."

Ta ajiye wayar tana tsaki, sai kuma ta sake ɗauka ta karanta.

Haka aka faro. Ta koya masa riƙon filafili, da yadda ake ɗaga zanen iska, da yadda ake karanta fuskar ruwa a san iskar da ke tafe. Shi kuma ya koya mata dariya, abin da ta yi ƙarancinsa tun rasuwar mahaifiyarta. Kafin shekara ta zagayo sunan Mai Ƙusa ya tashi daga zagi ya koma abin da take faɗa a hankali in su biyu ne. Wata rana suna zaune a kan katangar tasha ya ce, "Guguwa, ni fa na gaji da raka ki ƙofar gida ina juyawa. So nake in riƙa shiga."

"Ka je ka gaya wa mai gidan."

Ya je, da kwat ɗinsa da kwalbar awamori, giyar shinkafa ta Okinawa, a hannu. Baba Seitoku yana feraye wani katako, ko ɗagowa bai yi ba.

"'Ya ɗaya gare ni, kuma rumfar sassaƙar nan tata ce bayan raina. Wanda ya aure ta ya auri rumfar. Ba zan bar ta a hannun mutumin da bai san bambancin jirgi da akwatin tumatir ba. Ɗauki kwalbarka."

Haba Baba! Ƙusa biyu, shekara guda! Yaro ya ba da haƙuri, ya sha warin mai, hannuwansa sun yi kanta da filafili, duk ba a gani ba. Mahiru ta yi kuka, ta yi faɗa, ta kwana uku ba ta ce wa babanta komai ba sai gaisuwa. Shekararta ashirin da shida, ta san sarai ofishin gari ba ya neman sa hannun uba kafin a rubuta aure. Amma shi ya rene ta shi kaɗai, shi ya koya mata kitso da hannunsa mai kaushi. Ta gaya wa Shinsuke gaskiya: "Ina sonka, amma ba zan shiga gidanka da bayan Baba a juye ba."

"Zan jira," in ji shi.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Da labarin ya bazu, sai ga Hayato, ɗan mai otal ɗin da ke bakin rairayi, ya fara zarya zuwa rumfar da motarsa mai ƙyalli. Shi ma yana da sabani, sabo fil, da zanen leda mai ɗauke da sunan otal, da 'yan tuƙi ƙarti da yake ɗaukowa daga birni duk lokacin tsere.

"Mahiru-chan, ke fa ba ki dace da warin kifi ba," ya ce mata wata rana yana dafa Tsohuwa da takalminsa. "Ita ma wannan ta gaji. Ku kawo ta mu rataye ta a ɗakin cin abincinmu, a sa mata fitilu, baƙi su riƙa ɗaukar hoto. Ke kuma ki zo ki zama uwar ɗakin."

"Sauke ƙafarka."

"Wasa nake..."

"Na ce sauke ƙafarka! Jirgin da ya ciyar da gidanmu shekara sittin za ka rataye kamar busasshen kifi? Ka rataye kakarka tukuna, in ta yi kyau sai mu kawo tamu."

Ya tafi yana dariyar yaƙe, amma bai daina zuwa ba.

Yau a Ufubama babu mai fita kamun kifi da sabani, inji ya karɓe aikin. Abin da ya hana jiragen nan ruɓewa a ƙarƙashin bishiyoyi shi ne tseren da ake yi sau ɗaya a shekara, in damina ta ɗauke iskar kudu ta taso. Daga ƙaramin tsibirin da ake hangowa a tsallake ake tashi, a ƙare a bakin tasha. Saboda wannan rana ɗaya ake shafa mai, ake ɗinka zane, ake kawo wa Baba Seitoku gyara. Tsohuwa ba ta taɓa fashin tseren ba.

Bana kuwa kafaɗar Baba ta ƙi. Likita ya ce in ya sake riƙe filafilin baya, to ya yi sallama da hannun. Ya dubi 'yarsa ya ce, "Ke za ki tuƙa."

Zo ka ji surutu a tasha! Tsofaffin da suka shekara ashirin ba su jiƙa ƙafa ba suka zama malamai. Wai tun da aka kafa ƙauyen mace ba ta taɓa zama a bayan jirgi ba. Wai teku na da kishi. Wai a tanadi masu ceto, don kifewa kam babu makawa. Kuma waɗannan bakunan su ne suka ga Mahiru tana tuƙi tun tana 'yar shekara tara! Ta haɗiye, ta ƙudura a ranta sai ta shigo tasha a gaban kowa.

Mutum shida ake buƙata, biyar suka samu. Samarin ƙauye duk sun tafi birni. Mahiru ta ce, "Baba, ga Shinsuke."

Tsohon ya ɓata rai kamar an ba shi magani mai ɗaci. "Kada ya taɓa zane, kada ya taɓa igiya. A ba shi akushi ya zauna gindin sandar da ke riƙe zane yana kwarfe ruwa. Wannan ko biri zai iya."

Ta tura masa saƙo tana jin kunyar abin: "Ya yarda, amma kwarfe ruwa. Ka yi haƙuri."

"Kwarfe ruwa a jirgin da kike tuƙawa? Ai an yi mini sarauta. In mun ci, kina ganin zai sauko?"

"In mun ci ba shi da bakin magana. Kai dai ka riƙe akushinka, masoyi."

Ranar tsere gari ya waye tas. Jirage goma sha huɗu suka tashi, zannuwa ja da fari da ruwan ƙasa, jiragen inji na rakiya suna biye daga gefe. Baba Seitoku na cikin ɗaya, hannunsa rataye a wuya. Tsohuwa ta sha iska ta miƙe. Kafin rabin hanya sun wuce goma sha biyu, suka jera da jirgin Hayato, sannan suka bar shi yana zagin 'yan tuƙinsa. Mahiru ta hango jan tutar tasha.

Sai ruwan gabansu ya yi baƙi. Iska ce mai zuwa farat ɗaya, irin wadda ba ta sallama. Ta daki zanen, jirgin ya karkata ya ƙara gudu, ruwa na shigowa ta gefe.

"Mahiru, a sauke zane!" Shinsuke ya yi ihu daga gindin sanda.

"A'a! Za ta wuce! Ku danne gefe!"

"A sauke, na ce!"

Mai riƙe da igiya ya ja, amma ƙullin ya sha ruwa ya ƙi kwancewa. Iska ta sake bugowa. Abin da Mahiru ta gani da idonta shi ne Shinsuke ya yar da akushi, ya ce, "Kowa ya riƙe jirgi!" sannan ya tashi da dukan nauyinsa ya faɗa gefen da ke ƙasa, ya rungumo sandar ya ja ta zuwa ruwa. Tsohuwa ta kwanta, ta kife.

Babu wanda ya ji ciwo, kowa da rigar hana nutsewa a jikinsa. Suka zare sanda, suka juyo da jirgin, suka kwarfe, suka tuƙa da hannu. Jirage goma sha uku suka wuce su ɗaya bayan ɗaya. Hayato ne ya ci. Su kuwa suka shigo na ƙarshe, a jiƙe sharkaf, tasha cike da mutane ana tafi irin na ba'a.

"Ba mun faɗa ba?" wani tsoho ya ce da ƙarfi don ta ji.

Mahiru ta juya kan Shinsuke a gaban kowa. "Da gangan ka yi. Na gan ka."

"Da gangan na yi. Ki saurare ni, katakon ƙasa..."

"Tsoro ka ji! Iska ta kaɗa ka tsorata, ka zubar da ni a gaban mutanen da suka shekara suna jiran wannan rana. Baba ya yi gaskiya. Kada ka sake zuwa inda nake."

Ta wuce ta bar shi tsaye da akushi a hannu. Kafin la'asar hoton bidiyon kifewar ya zaga wayoyin ƙauye, an sa masa kiɗan ban dariya, an rubuta a ƙasa: "Tuƙin mata."

Saƙonsa ya shigo: "Guguwa, na ji katako yana kuka a ƙarƙashin ƙafata, daidai gindin sanda. Da iska ta sake bugu ɗaya, da ta rabe biyu. Babu lokacin bayani. Ki duba."

Ta je ta duba, don kada a ce ba ta duba ba. Ta leƙa gindin sanda, ta shafa, ba ta ga ko tsagin gashi ba. Ranta ya ƙara ɓaci. Ga tsoro, ga ƙarya kuma! Ta rubuta: "Na duba. Lafiyarta ƙalau. Ka nemi wani labarin."

Ya sake turowa washegari: "Ban yi miki ƙarya ba. Na gwammace ki yi fushi da ni kina da jirginki."

Ba ta amsa ba. Kwana huɗu tana share rumfa da ƙarfi kamar tsintsiyar ce ta yi mata laifi, tana kuka in babu kowa. Abin da ya fi ci mata rai shi ne har yanzu in wayarta ta yi ƙara sai gabanta ya faɗi.

Shi kuwa Baba Seitoku tun ranar bai ce uffan ba. A rana ta biyar da hantsi ya kira ta. Ta tarar ya sa an kifa Tsohuwa a kan gumagumai, ya cire ƙaton katakon da gindin sanda ke zama a ciki, abin da ba a taɓa cirewa ba tun tana yarinya.

"Miƙo hannunki."

Ya ɗora yatsunta a wurin. Tsagi ne, ya kai tsawon kamu biyu, ya bi jijiyar katakon ƙasa, a ɓoye inda ido ba ya kaiwa. Fundu biyu sun karye, na uku ya rage da ƙyar.

"Ina kallonku daga jirgin rakiya," ya ce. "Na ga yadda ya faɗa. Wanda tsoro ya kama sama yake gudu, gefen da ya ɗaga. Shi ƙasa ya bi, ya kwantar da ita a hankali yadda sanda ba za ta karye ba. Haka iyayenmu suke yi in hadari ya rutsa su a tsakiyar teku, su kifar da jirgi da hannunsu su riƙe shi har iska ta wuce. Rabona da ganin an yi haka shekara arba'in. Na yi shiru ne don ina so in ga dalilinsa da idona." Ya ja numfashi. "Katakon ƙasa shi ne ran jirgi. Da ya rabe a wannan gudun, babu gyara. Kuma ku shida kuna ciki."

Mahiru ta zauna a ƙasa daɓas. Ta tuna abin da ta faɗa masa a gaban jama'a, kunya da nadama suka rufe ta.

"Ni na sassaƙa fundun nan na ƙarshe, ni ya kamata in duba kafin tsere," in ji tsohon. "Ban duba ba. Tashi ki wanke fuska, yau ne walimar tsere."

A zauren ƙauye aka yi walimar da rana, an jera tabarmi, ga taliyar soba ga naman alade ga awamori. Shinsuke na can ƙarshen zaure shi kaɗai, ya zo ne don kada a ce ya ɓuya. Hayato ya karɓi kofin nasararsa, ya riƙe makirfo, sai ya sa aka haska bidiyon a bango. Zaure ya ɗauki dariya.

"A tafa wa Tsohuwa," ya ce, "ta koya mana iyo kyauta. Tayin ɗakin cin abincinmu na nan, Baba Seitoku. A can dai babu mai kifar da ita."

Sai ga tsohon ya miƙe. Ya taho tsakiyar zaure da wani abu a hannunsa mai lafiya, ya dangwarar a kan teburin da kofin yake. Karyayyun fundu biyu ne.

"Kashe abin nan," ya ce. Aka kashe. "Ku da kuke dariya, ku matso ku gani. Kai Hayato ban ga laifinka ba, kai baƙo ne a ruwa ko da a nan aka haife ka. Amma ku!" Ya nuna layin tsofaffi. "Ku da iyayenku suka dawo gida da rai saboda sun san kifar da jirgi! Kun ga an yi a gabanku, da rana tsaka, ba ku gane ba, kuna washe baki kuna cewa tuƙin mata. 'Yata ta wuce jirage goma sha uku da jirgi mai shekara sittin. A cikinku wa ya taɓa yi? Ya tashi in gan shi!"

Babu wanda ya tashi. Wani ya yi tari, wani ya shiga gyaran tabarmar da ba ta karkace ba.

"Kuma ni ne babban mai laifi. Na ba yaron can akushi don in wulaƙanta shi. Yana zaune a inda na ajiye shi ya ji abin da ni masassaƙi ban ji ba. Ya san in ya kifar da ita ya rasa tsere, ya rasa yarinyar, ya zama abin dariya. Ya kifar." Ya juya. "Shinsuke, zo nan. Yaya aka yi ka ji?"

Shinsuke ya taso yana tuntuɓe. "Baba, aikina ke nan. Inji kafin ya lalace sai ya canza murya. Na shekara ina shafa mata mai, na san muryarta. Ran nan ta canza."

"Kifarwar fa, wa ya koya maka?"

"Kakana ya sha ba ni labari ina yaro. Ban taɓa gwadawa ba."

Tsohon ya gyaɗa kai. "Kwalbar nan da na ce ka ɗauka, ka shanye ta?"

"Tana nan, Baba."

"To ka dawo da ita gobe. Ka zo da manyanka." Ya waiwaya wajen 'yarsa. "In mai jirgin ta yarda ke nan. Don na ji an ce ta kore ka."

Duk zaure ya juyo. Mahiru ta tashi, ta tako har gaban Shinsuke. A gaban mutane ta zage shi, don haka a gaban mutane ta sunkuya.

"Na ce maka matsoraci, na ce maka maƙaryaci. Ni ce na ƙi saurara. Ka yafe mini."

"Guguwa," ya ce a hankali, "ai tun a cikin ruwa na yafe."

Tsofaffin matan da ke bayan zaure suka ɓarke da guɗa da fito. Hayato ya ɗauki kofinsa ya sulale, babu ma wanda ya lura da fitarsa.

Wata uku suka yi suna gyaran katakon ƙasa su uku, Baba na nunawa da baki, su biyun na sassaƙa. Faɗa kam an sha shi, don tsohon bai fasa halinsa ba, sai dai yanzu in ya gama faɗan yakan tura wa Shinsuke kofin shayi ba tare da ya dube shi ba.

Da kaka aka ɗaura auren. Aka fara kai gaisuwa gaban allon sunayen kakanni na gidajen biyu, aka kunna turare, aka sanar da su. Daga nan aka wuce bakin rairayi inda aka kafa rumfuna, masu sanshin, molon Okinawa, suka saki kiɗa, yara da tsofaffi suka ɗaga hannuwa sama ana rawa. Tsofaffin tasha ma sun zo, su ne a gaba wajen cewa ai su tun farko sun san yarinyar gwana ce. Oho dai, an bar su da bakinsu.

Da aka nemi uban amarya ya yi magana, ya miƙe yana gyaran murya, ya kamo hannun Mahiru ya sa a cikin na Shinsuke, ya riƙe su duka biyun da tafinsa mai kaushi.

"Ni ban iya dogon zance ba. Ke, kin iya gudu. Kai, ka san lokacin tsayawa. Kowa ya riƙa jin maganar ɗan'uwansa tun kafin a kai ga ruwa." Aka yi dariya. Sai ya dubi Shinsuke. "Uwarta ta bar mini ita tana 'yar shekara shida. Ban taɓa ba wa kowa riƙonta ba, ko na yini ɗaya. Yau na ba ka, ɗana, kuma hankalina a kwance yake. Kakanni su tsare ku, teku ta yi muku sauƙi, gidanku ya cika da 'ya'ya."

Jama'a suka amsa da murya ɗaya. Mahiru ta kifa fuskarta a kafaɗar babanta tana kuka, hannunta ɗaya na cikin na mijinta, ba ta saki ko ɗaya ba.